Daga Kano zuwa Jidda: kilomita nawa ne, kuma awa nawa ake yi a sama?

 

Tambayar yau ta fito ne daga wani dattijo ɗan kasuwa a Ɗan Isa. Ya ce mahaifiyarsa tana shirin Umara a cikin azumi, sai ya ɗauko tsohon biyen jirgi, wato tikiti kamar yadda 'yan'uwanmu na Najeriya ke cewa, wanda ta yi tafiya da shi shekarun baya, don ya yi lissafi. Ya ga an rubuta tashi daga Kano ƙarfe 1:00 na rana, sauka a Jidda ƙarfe 8:00 na dare, awa 7 ke nan. A dawowa kuma an rubuta tashi daga Jidda ƙarfe 9:00 na safe, sauka a Kano ƙarfe 12:00 na rana, awa 3 kacal. Shi ne yake cewa: "Shin zuwan hawa ne, dawowar kuma gangara?" Sannan ya ƙara da tambaya ta biyu: ga mutumin Maraɗi, wanne ya fi kusa da Jidda, filin jirgin Kano ko na Yamai?

To Baba, Allah ya ƙara girma. Tambayarka ta ba mu dariya a nan ɗakin watsa shiri, amma wallahi tambaya ce mai nauyi, don a kan irin wannan lissafin mutane suna rasa jirgi, wasu kuma suna barin tsofaffinsu a zaune a filin jirgi ba mai ɗauka. Bari mu bi ta daki-daki.

Mu fara da nisa. Idan aka ja miƙaƙƙen layi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, za a samu kimanin kilomita 3,400. Daga filin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda kuwa kimanin kilomita 4,000 ne. Wanda zai sauka Madina daga Kano, nisansa ya ɗan ɗara na Jidda, wajen kilomita 3,550.

Wani zai duba wayarsa ya ce ai shi 2,130 ya gani, wani kuma ya ce 1,850. Duk ba wanda ya yi ƙarya, mudun awon ne ya bambanta. Mil ɗaya irin na mota kilomita 1.6 ne, shi ya ba da 2,130. Matuƙan jirgin sama da na ruwa kuma suna da nasu mil ɗin, wanda ya kai kilomita 1.852, shi ya ba da 1,850. Kamar tiya ce da mudu: hatsin ɗaya ne, abin da aka auna da shi ne daban. Don haka kafin ka yi gardama da wani a majalisa, ka duba abin da aka rubuta a gefen lambar.

Ta ina wannan layi ya bi? Daga Kano ya ratsa Jigawa da Yobe, ya shafi jihar Diffa a Nijar, ya wuce ta arewacin tafkin Cadi, ya keta ƙasar Cadi, ya shiga Sudan ta arewacin Darfur, ya tsallake kogin Nilu a wajajen Dongola, sannan ya ƙetare Bahar Maliya ya faɗa Jidda. Ku riƙe wannan: kusan kilomita 1,400 na hanyar, wato wajen kashi 2 cikin 5, a saman Sudan suke. Za mu dawo kan wannan magana.

Yanzu lokaci. Manyan jiragen fasinja, idan sun kai inda suke daidaita tafiya a sama, wajen kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. Mu ɗauki 850. Idan ka raba 3,400 da 850, ka samu awa 4 cif. Amma jirgi ba ya fara wannan gudun tun daga ƙasa. Sai ya yi tafiya a hankali ya hau titin tashi, wani lokaci ya jira layi, ya ɗauki mintuna yana hawa, idan ya kusa kuma ya rage gudu yana saukowa. Wannan duka yana cin wajen rabin awa. Ke nan Kano zuwa Jidda awa 4 da rabi ne, idan hanya a buɗe take. Yamai zuwa Jidda, da irin wannan lissafi, awa 5 da kwata.

Wannan dabara za ta yi maka amfani a kowace tafiya ta jirgi: ka nemi nisan a kilomita, ka raba da 850, ka ƙara rabin awa. Ba za ka yi nisa da gaskiya ba. Ƙananan jirage masu farfela su ne ba su shiga wannan lissafi, don gudunsu bai cika wuce kilomita 500 zuwa 650 a awa ba.

To ina awa 7 da awa 3 na biyen Baba suka fito? Daga agogo. Dokar da kamfanonin jirage ke bi a duk duniya ita ce, lokacin tashi ana rubuta shi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka kuma da agogon garin da aka sauka. Nijar da Najeriya agogonsu ɗaya. Saudiyya kuwa tana gabanmu da awa 2. Wannan ba tsarin gwamnati kawai ba ne, rana ce ta kawo shi. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, tsakanin Kano da Jidda kuma akwai wajen digiri 30, shi ya sa rana ke fito musu awa 2 kafin ta fito mana.

Mu koma kan biyen. Jirgi ya tashi ƙarfe 1:00 a Kano, ya sauka ƙarfe 8:00 a agogon Jidda. A daidai wannan lokaci ƙarfe 6:00 ne a Kano. Ke nan awa 5 aka yi. A dawowa, ƙarfe 9:00 na Jidda ƙarfe 7:00 ne a wurinmu. Daga 7:00 zuwa 12:00 awa 5. Ka ga Baba, ba hawa ba gangara. Zuwa awa 5, dawowa awa 5. Idan za ka gabas ka cire awa 2 daga abin da ka gani a biye, idan za ka dawo ka ƙara awa 2.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami, kuma bayan na gama makarantar aikin jarida, don kada wani ya ce rashin boko ne. Goggona ta je Umara, ranar dawowarta ta kira ta ce, "Ɗana, an ce ƙarfe 9 za mu tashi." Na ƙara awa 5 a kan 9, na ce wa direban da muka ɗauka ƙarfe 2 za ta sauka, ba gaggawa, har muka tsaya cin abinci a Katsina. Ashe 9 ɗinta ta Jidda ce. Tun ƙarfe 12 ta sauka. Tsohuwa mai ciwon suga ta yi awa 2 a zaune a kan jakarta, layin wayarta na can ya daina aiki, ba ta da hanyar kiran kowa. Da muka iso ba ta yi mini faɗa ba, kallona kawai ta yi ta ce, "Kai ne mai faɗa wa mutane lokaci a rediyo?" Har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Saura rabin awa. Lissafinmu ya ba da awa 4 da rabi, biye ya ce 5. Wannan ratar tana da dalilai uku.

Na farko, lokacin da ke kan biye ana ƙirga shi ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda ya ɗebi fasinja har zuwa inda ya tsaya zai sauke su, kuma kamfanoni sukan ɗan ƙara mintuna saboda jira. Na biyu, jirgi ba ya bin miƙaƙƙen layi sak. Sama ma tana da hanyoyinta da mahaɗarta, kuma masu kula da zirga-zirgar jirage na kowace ƙasa su ke ba matuƙi izinin inda zai bi da tsayin da zai hau.

Na uku shi ne iska. A can sama akwai iska mai ƙarfi da ke gudu kamar kogi. Idan tana bayan jirgi sai ta tura shi, idan tana gabansa sai ta riƙe shi. Jirgin da ke gudun 850, in ya samu iskar kilomita 80 a awa a bayansa, 930 yake ci a ƙasa. In tana gabansa, 770 yake ci. A tafiyar kilomita 3,400 wannan bambanci ya kai wajen minti 45 tsakanin zuwa da dawowa. A yankinmu iskar tana sauyawa da lokacin shekara. Da hunturu, iskar can sama ta fi kaɗawa daga yamma zuwa gabas, sai zuwa Jidda ya fi sauri. Da damina, daga watan Yuni zuwa Satumba, akwai wata iska mai ƙarfi da ke tasowa daga wajen Asiya ta ratsa Afirka zuwa yamma, sai dawowa ta fi sauri. Ke nan Baba, akwai 'yar gangara a sama, amma ta mintuna ce, ba ta awa 4 ba.

Yanzu mu koma maganar Sudan, don ita ce ta sa nake roƙon Baba kada ya dogara da tsohon biye. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. Saura 'yan makonni a fara jigilar alhazan shekarar. Kashi 2 cikin 5 na hanya ya toshe a rana ɗaya. Dole jirage suka riƙa kewayawa, ko ta arewa su ɓullo ta Masar, ko ta kudu su ɓullo ta Habasha. Ku tuna da lissafinmu: duk ƙarin kilomita 850 awa guda ce a sama, kuma awa guda a sama tan-tan na mai ne. Shi ya sa a Najeriya kamfanonin da ke jigilar alhazai suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera a wannan shekara. A watan Agustan 2023 ma, da aka rufe sararin samaniyar Nijar na kusan wata guda, jiragen da ke tsakanin Turai da ƙasashen kudu da mu sai da suka yi ta zagaye. Nisan Kano da Jidda bai ƙaru da taku ɗaya ba, amma tafiyar ta ƙaru. Saboda haka lokacin da za ka yi aiki da shi shi ne wanda ke kan sabon biye, kuma kana da damar tambayar wanda ya sayar maka: jirgin nan kai tsaye yake, ko yana yada zango?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi duk sauran muhimmanci ga aljihu da lafiyar matafiyi. Biye mai araha sau da yawa mai yada zango ne. Idan ta Alƙahira za a bi, Kano zuwa Alƙahira wajen kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda wajen 1,200, jimla 4,300. Idan ta Addis Ababa ce, 3,300 da 1,400, jimla 4,700. A sama kaɗai ka doshi awa 6 zuwa 7, ban da zaman jiran jirgi na biyu, wanda zai iya zama awa 2, zai iya zama kwana. Ga saurayi ɗan kasuwa mai neman ragi, wannan ba komai ba ne. Ga tsohuwa mai shekara 70 da ba ta jin Larabci ko Turanci ko Faransanci, a ce ta nemi ƙofar jirgi na biyu ita kaɗai a baƙon fili cikin dare, ragin da aka samu bai biya wahalar ba. In dole sai ta bi wannan hanya, a haɗa ta da ayari ko da wani wanda ya saba.

Sai tambaya ta biyu: Kano ko Yamai? A sama bambancin kilomita 600 ne, wajen minti 45. A ƙasa ne maganar take. Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 650 a mota, wuni guda cur, kuma yamma ka nufa, ka juya wa Jidda baya. Idan jirgin ya tashi daga Yamai, miƙaƙƙen layinsa ta arewacin jihar Maraɗi zai ratsa, wato ka biya kuɗin mota ka je, ka biya kuɗin jirgi ka dawo ta saman gidanku. Daga Maraɗi zuwa Kano ta Ɗan Isa, Jibiya da Katsina kuwa bai kai kilomita 300 ba. A awon nisa, Kano ta fi kusa, ba gardama.

Sai dai nisa ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba. Kujerun Hajji ƙasa-ƙasa ake rabawa. Alhajin Nijar yana bin tsarin hukumar COHO, na Najeriya yana bin NAHCON, kuma su ke faɗin filin da za a tashi. Inda mutum yake da zaɓi shi ne Umara da tafiyar kasuwanci. A nan ma sai ya tabbatar da halin da iyaka take ciki a makon tafiyarsa, ya tabbatar fasfo da biza da katin rigakafi sun cika, ya kuma ba kansa rata. Awa 5 na mota da tsayawar shingaye ba abin da za a haɗa da jirgin rana ɗaya ba ne. Gara ka kwana a Kano. In lokacin hunturu ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka sa a ranka cewa hazo yana iya jinkirta tashi ko sauka a Kano na awoyi, wani lokaci har a ɗaga zuwa gobe.

Ga wasu abubuwa kaɗan da nake so kowane mai sauraro ya riƙe.

Ku kula da jirgin tsakar dare. Biye yana amfani da agogon awa 24. Idan an rubuta Talata 00:30, wannan daren Litinin ne wayewar Talata. Ranar Litinin da dare ake zuwa filin jirgi. Wanda ya bari sai Talata da dare, ya tarar jirginsa ya yi kwana guda da tafiya. Kuma ga tafiyar ƙasashen waje, ana so mutum ya isa fili awa 3 kafin tashi.

Sauka a Jidda ba isowa Makka ba ne. Akwai layin shige da fice, akwai jiran kaya, sannan akwai wajen kilomita 100 a mota daga filin jirgin zuwa Makka. Madina kuwa ta haura kilomita 400 daga Jidda, ko da yake tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain da ya haɗa Makka, Jidda da Madina. Don haka in ba ku ji kiran tsohuwa ba awa 3 bayan lokacin sauka, kada hankalinku ya tashi.

Masu shan magani a kan lokaci, musamman na suga da hawan jini, su gaya wa likitansu tun kafin tafiya cewa agogo zai matsa da awa 2, ya tsara musu yadda za su yi. Magani kuma a jakar hannu yake zama, ba a cikin babban akwati ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zama wuri ɗaya na awa 4 ko fiye yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Tafiyar Jidda ta wuce wannan. A riƙa motsa ƙafa, a tashi a ɗan taka idan an ba da dama, a sha ruwa.

Ga mai tafiya cikin azumi kamar mahaifiyar Baba, zuwa gabas yana rage mata wuni da awa 2, dawowa yamma yana ƙara mata awa 2. Wanda ya tashi Kano ƙarfe 1:00 na rana, la'asar da magariba duk a sama za su same shi. Hukuncin salla da buɗa-baki da ɗaura harami a cikin jirgi na malamai ne, a tambaye su tun ana gida. Namu shi ne lissafin lokacin.

Kafin mu rufe, akwai abin da ke zuwa mini a rai duk sa'ar da na kalli wannan layi a taswira. Kakanninmu kusan nan suka bi, a ƙafa da jakuna da raƙuma, ta Borno, Cadi, Darfur da Kordofan har Sawakin a bakin Bahar Maliya. Wasu sun yi shekaru a hanya suna noma da ƙwadago don samun guzuri, wasu ba su ƙarasa ba, wasu ba su dawo ba. Hausawan da ke Sudan a yau, irin na garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, da yawansu zuriyar wannan hanya ce, kuma su ne yaƙin da ya sa jiragenmu kewaye ya rutsa da su a gidajensu. Jirgin sama bai fara sauka Kano ba sai 1925, lokacin da jirage 3 na sojin saman Ingila suka zo daga Masar, kuma kwanaki suka yi suna yada zango kafin su iso. Yau awa 5 ce, har muna ƙorafin kujera ta matse mu. Allah ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya.

To Baba na Ɗan Isa, ga amsarka a dunƙule: kilomita 3,400 daga Kano, 4,000 daga Yamai. Awa 4 da rabi zuwa 5 daga Kano idan hanya a buɗe take, fiye da haka idan ana kewaye ko yada zango. Ka cire awa 2 a zuwa, ka ƙara awa 2 a dawowa. Ranar da Hajiya za ta dawo, ka duba lokacin sauka da ke kan biyenta, wannan agogon Kano ne, ka isa kafin shi. Kada ka yi irin tawa. Allah ya kai ta lafiya, ya dawo da ita lafiya, ta sa mu a addu'a.

Masu tambaya su ci gaba da aiko mana ta hanyoyin da suka saba. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.